Wane laburaren sadarwa zan ɗora sabuwar manhajata a kai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu uku ne muka fara gina manhajar Android da za ta riƙa karɓar oda da biyan kuɗi, sabar kuma (wato kwamfutar da ke amsa buƙatun manhajar) da yaren Python muke rubuta aikinta. Mun kasa daidaitawa kan laburaren (wato shiryayyen kod da wasu suka rubuta, ake ɗauka a saka a manhaja) da zai riƙa kai saƙo da kawo amsa ta intanet. Ɗayanmu ya ce mu ɗauki wanda ya fi taurarin yabo a GitHub (shafin da ake ajiye kod), ɗayan ya ce wanda ya fi sauri. Wa za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ku bi ko ɗaya tukuna. Taurari suna nuna cewa mutane sun taɓa sha'awar abu, ba sa nuna ko akwai mai kula da shi yau. Laburaren request na Node.js (dandalin gudanar da yaren JavaScript) ya yi tashe sosai, manhajoji masu ɗimbin yawa sun dogara da shi, amma a watan Fabrairun 2020 masu shi suka sanar da cewa sun daina ciyar da shi gaba. Taurarinsa suna nan, waɗanda suka jingina da shi kuwa sai da suka nemi mafita. Batun sauri kuma, a irin aikinku kusan duk jinkirin daga hanyar sadarwar yake zuwa. Ɗan bambancin da ke tsakanin laburare biyu masu kyau, mai riƙe da waya ba zai taɓa jin sa ba.

Abin da nake so ku zauna a kansa shi ne halin laburaren a lokacin da sabis ya yi rauni ko ya ɗauke. Ga misali daga abin da za ku taɓa da hannunku. Laburaren requests na Python, wanda ya fito a 2011 kuma ni kaina ina son sa, ba ya zuwa da wa'adin jira. Idan sabarku ta aika buƙata zuwa kamfanin biyan kuɗi, can kuma aka yi shiru, zai iya zama yana jira har illa ma sha Allahu, sai in kun rubuta masa wa'adin da kanku. Buƙatu kaɗan su maƙale haka, sai sabar ta cika ta daina amsa kowa. OkHttp kuwa, wanda kamfanin Square ya fitar don Android da Java, yana zuwa da wa'adin daƙiƙa 10 na haɗuwa da na karanta amsa da na aikawa. Sai dai shi ma da nasa halin: idan haɗin ya tsinke, yakan sake gwadawa da kansa ba tare da ya gaya muku ba. A wajen ɗauko jerin kaya wannan alheri ne. A wajen biyan kuɗi, sake aika buƙata ɗaya sau biyu na iya sa a ciri kuɗin mutum sau biyu. Maganinsa shi ne kowace buƙatar biya ta tafi da lambar shaida tata ta daban, sabar kuma ta ƙi aiwatar da lambar da ta riga ta gani.

Saboda haka ku ware yini guda, ku rubuta ƙaramin gwaji da laburare biyun da kuke jayayya a kansu. Ku kashe data ana tsakiyar aika saƙo. Ku sauya daga Wi-Fi zuwa data. Ku sa sabar ta yi jinkiri da gangan, ku ba ta takardar shaidar tsaro da wa'adinta ya ƙare. Wanda ya fito muku da bayanin kuskure a sarari, kuka gane abin da ya faru ba tare da kun yi ta lalube ba, shi ne naku. In ni ne, OkHttp zan sa a wayar, a sabar kuma requests da wa'adin jira a kowane kira, ko httpx idan kuna buƙatar aika buƙatu da yawa a lokaci guda.

Sannan ku killace shi. Ku rubuta ɗan sashe guda a kod ɗinku wanda shi kaɗai ke magana da laburaren, sauran sassa su bi ta wurinsa. Google ta cire laburaren Apache HttpClient daga Android 6.0 a 2015, kuma waɗanda suka watsa kiransa a ko'ina cikin manhajarsu su ne suka fi shan wahala.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce. Shin dole ne sai na ɗauko laburare daga waje?

Amsa: A'a 'yar'uwa, ki fara duba abin da yaren da kike rubuta manhaja da shi ya tanada. Java 11 ta 2018 tana da HttpClient nata, Node.js 18 ta 2022 ta zo da fetch a ciki, Go tana da net/http, iPhone kuma da URLSession. Duk abin da kika jawo daga waje, ke za ki riƙa bibiyar sabunta shi. Ki lura dai, ita ma Go ba ta sa wa'adin jira sai kin sa.

Tambaya: Kamfaninmu zai sayar da manhajar da muke rubutawa da yaren C. Manajanmu yana tsoron kayan kyauta, ya fi son mu sayi na kuɗi. Yana da gaskiya?

Amsa: Tsoron nasa yana da tushe, amma ba a farashi matsalar take ba. Abu biyu zai duba. Na farko lasisi: MIT da Apache 2.0 sun yarda a saka su cikin manhajar sayarwa, GPL kuwa na iya wajabta muku buɗe kod ɗinku idan kun rarraba manhajar, don haka a karanta kafin a fara. Na biyu, wa ke toshe ɓarakar tsaro idan ta bayyana, kuma cikin wane lokaci? Ɓarakar Heartbleed da aka bankaɗo a OpenSSL, laburaren ɓoye sirrin saƙonni, a watan Afrilun 2014 ta nuna yadda duniya ta jingina da aikin mutane ƙalilan. A C, libcurl zan nuna muku, wato laburaren da aikin curl ke fitarwa. Daniel Stenberg ɗan ƙasar Suwidin yana jagorantar curl tun 1998, lasisinsa mai sauƙi ne, ana fitar da sabuwar siga a kai a kai, kuma ana wallafa kowace ɓaraka da aka gano tare da gyaranta. Idan manajan yana son wanda zai kira ranar da abu ya lalace, ana sayar da kwangilar tallafi ta curl, sai ya sa kuɗin a can.