Amsa ga mai son zama wakilin 'yan ƙwallo

Ɗan'uwa, ka ce kana da ƙungiyar yara a unguwa, akwai biyu ko uku da kake ganin za su iya taka leda a waje, kuma kana so ka zama ejan ɗinsu da kanka kada wani ya zo ya cuce su. Niyyar mai kyau ce. Amma akwai abin da zai fara tare ka tun daga bakin ƙofa: dokar FIFA ba ta yarda mai lasisin wakilci ya kasance jami'i ko ma'aikacin wani kulob ba, ba ta kuma yarda yana da hannun jari a kulob ko akadami ba. Idan ƙungiyar nan taka ce, sai ka zaɓi ɗaya, ko mai akadami ko wakili. Kada ka yi gaggawar zaɓa, domin a ganina mai akadamin da ya iya ajiye takardu yakan fi sabon ejan samun kuɗi na halal. Zan dawo kan wannan.

Maganar lasisi ba ta da tsawo. Daga 2015 FIFA ta saki harkar, kusan kowa yana iya yin rajista ya zama dillali. A Janairun 2023 ta dawo da lasisi, daga 1 ga Oktoba na wannan shekarar kuma ya zama dole. Za ka buɗe asusu a dandalin wakilai na FIFA, a duba ko ba ka da tarihin zamba, cin hanci ko makamancinsu, sannan ka zauna jarrabawa. Tambayoyi 20 ne, minti 60, sai ka ci 15 za ka haye. Ana barin mutum ya buɗe kundin dokokin a lokacin jarrabawar, kuma wannan ne yake ruɗar mutane su ƙi karatu. Minti uku ne kowace tambaya, tambayoyin kuma labari ne ake ba ka a ce ka yanke hukunci; wanda bai san inda kowace doka take zaune ba, neman shafi kaɗai zai cinye masa lokaci. A jarrabawar farko, ta Afrilun 2023, kusan rabin waɗanda suka zauna faɗuwa suka yi. Ka fi ba da ƙarfi kan dokar wakilai da dokar matsayi da musayar 'yan wasa. Idan ka ci, akwai dala 600 na lasisi, sai sabuntawa kowace shekara da kwasa-kwasan da ake yi ta intanet. Lasisin na mutum ne, ba na kamfani ba, kuma ba a aronsa.

To, ka samu lasisi. A nan aikin yake farawa.

Yarjejeniyarka da ɗan wasa dole ta kasance a rubuce, ba ta wuce shekara biyu, kuma sharaɗin da ya ce za ta sabunta kanta ba shi da ƙarfi. Dole ka sanar da shi a rubuce cewa yana da damar kai takardar wurin lauya kafin ya sa hannu. Idan yana da yarjejeniyar da ta keɓe shi ga wani ejan, ba ka tunkarar sa sai a wata biyun ƙarshe. Yaran da ba su kai 18 ba kuwa, sai da izinin uba ko waliyyi a rubuce, sai ka yi kwas na musamman kan kare ƙananan yara, kuma ba ka zuwa wurinsu sai saura wata shida su kai shekarun da doka ta ba su damar sa hannu a kwantiragin ƙwararru. A wurinmu yaro yakan sa hannu ga mutum uku saboda kowa ya saya masa but ko ya biya masa kuɗin mota. Ranar da kulob ɗin Turai ya nuna sha'awa, duk ukun za su fito da takarda, Baturen kuma ba ya shiga rigimar da ba tasa ba, sai ya koma kan wani yaron. Ko babban ɗan wasa ba ya tsira: rikicin Mikel Obi tsakanin kulob ɗin Lyn na Norway, Manchester United da Chelsea ya ci fiye da shekara guda kafin Chelsea ta biya United fam miliyan 12, ta biya Lyn miliyan 4 a 2006. Saboda haka tambayarka ta farko ga kowane yaro ita ce, wa ka taɓa sa wa hannu? Ka tambayi mahaifinsa ma, ka tambayi kocinsa.

Sai shekaru. Sashe na 19 na dokar matsayi da musayar 'yan wasa ta FIFA ya hana ɗan ƙasa da 18 komawa kulob na wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi, kamar iyayensa su yi ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba, ko tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai daga shekara 16. Yaron Kano ko Zinder da wuya ya shiga ciki. Ahmed Musa ya bar Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta Holland a 2010, amma sai da ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga musu. Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Chile a 2015, duk da haka sai Janairun 2017 ya shiga Wolfsburg. Duk wanda ya ce zai kai maka ɗan shekara 15 Turai ya sa hannu, ko ƙarya yake ko hanyar da za ta jefa yaron a titi ce. Kuma don Allah kada ka taɓa ranar haihuwa. Takardar haihuwa, lambar ɗan ƙasa, fasfo da rajistar hukumar ƙwallo, duk su faɗi rana ɗaya. Idan suka saɓa, nan cinikin yake mutuwa, sunanka kuma ya lalace a wurin kulob ɗin har abada.

Gwaji ma yana da doka. Kulob ɗin da ya gayyata shi ne zai cike fom ɗin gwaji na FIFA ya saka a TMS, manhajar FIFA ta musayar 'yan wasa, aƙalla kwana goma kafin a fara. Ɗan shekara 21 zuwa ƙasa bai wuce mako takwas a kulob ɗaya a kaka guda, wanda ya girme haka mako uku. An kuma haramta karɓar kuɗi saboda gwaji. Idan aka turo maka takardar gayyata ta WhatsApp ana neman kuɗin rajista, ka nemo adireshin kulob ɗin daga shafinsa ka rubuta musu kai tsaye. Sau da yawa ba su ma san da maganar ba. Gonaki da filaye da yawa sun salwanta a kan irin wannan takarda.

Game da inda za ka nufa, ka cire Ingila daga lissafin farko. Tun 2021 izinin aiki a can galibi da maki ake samu, kuma makin yana zuwa ne daga wasannin babbar tawagar ƙasa da ƙarfin gasar da mutum yake bugawa. Hanyar da aka fi bi ita ce Norway, Sweden, Denmark, Beljiyam, ko Arewacin Afirka. Ndidi daga akadamin Nath Boys na Legas ya tafi Genk ta Beljiyam a 2015, sai a 2017 ya isa Leicester. Abin da mai farautar 'yan wasa yake so ka turo shi ne cikakken wasa na minti 90, biyu ko uku, da aka ɗauka daga sama, da lambar rigar yaron. Bidiyon yanka na minti uku ba ya nuna abin da yaro yake yi idan ƙwallo ba ta ƙafarsa, kuma wannan suke dubawa.

La'ada fa? FIFA ta sa iyaka: kashi 5 cikin 100 na albashin ɗan wasa har zuwa dala 200,000 a shekara, kashi 3 a kan abin da ya haura, kashi 10 na kuɗin ciniki idan kulob mai sayarwa kake wakilta. A ƙarshen Disambar 2023 ta dakatar da wannan iyaka bayan wata kotu a Dortmund ta hana aiki da ita a Jamus. Amma ka yi lissafi da kashi 5 ɗin. A ce yaronka yana karɓar yuro 2,000 a wata. A shekara 24,000, rabonka 1,200, bai fi tikitin jirgi da otal na tafiya ɗaya ba. Kada ka ajiye sana'arka a shekara biyun farko. Kada kuma ka karɓi tayin a ba ka kaso a kuɗin sayar da shi nan gaba, an haramta wannan ga wakilai tun Mayun 2015.

Ka karanta kwantiragi layi-layi: albashin kafin haraji ne ko bayan haraji, wa zai biya gida da tikitin dawowa, wa ke ɗaukar jinya. Idan kulob ya riƙe albashin wata biyu, ka rubuta masa gargaɗi ka ba shi aƙalla kwana 15. Idan bai biya ba, ɗan wasan yana iya soke kwantiragin ya kai ƙara kotun ƙwallo ta FIFA. Mutane suna faɗuwa a nan ne saboda da baki suka yi gargaɗin, ko yaron ya tattara kayansa ya taho kafin wa'adin ya cika.

Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, kashi 5 na kuɗin na kulob-kulob ɗin da suka raine shi ne daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana ɗaukar kashi 0.25, daga 16 zuwa 23 kashi 0.5. Yaron da ka riƙe daga 12 zuwa 17, kashi 2 naka ne; a cinikin yuro miliyan ɗaya, yuro 20,000 ke nan, kuma duk sanda aka sake sayar da shi irin wannan ciniki kana da rabo. Tun Nuwambar 2022 irin wannan kuɗi yana bi ta ofishin biyan kuɗi na FIFA da ke Paris, kuma abin da rajista ta nuna kawai suke bi. Idan ƙungiyarka ba ta da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha da ta ƙasa, wato NFF, yaran kuma ba a shigar da su da sunanta kowace kaka ba, ko ka ciyar da su shekara goma ba a san da kai ba. Kafin ka biya ko kwabo na jarrabawa, ka je ofishin hukumar ƙwallo ta jiharku da takardun haihuwar yaran nan uku, ka duba sunan wace ƙungiya ke rubuce a kansu.