Amsa: Goro da magani a jakar Umra

Ɗan'uwa ka ce zaka kai Hajiya Umra a watan Yuli, kana tambaya ko zata iya riƙe goronta da magungunanta. Goro dai a bar shi a gida, Saudiyya sun hana shiga dashi, in aka ganshi a jaka a filin jirgin Jidda sai an sha wahala. Maganin hawan jini ko na suga babu laifi, amma ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita, kar a juye a leda. Tramol da irinsa ko kusa, kuma don Allah kar ku karɓi saƙon kowa komai kusancinku dashi, can safarar ƙwaya hukuncinta kisa ne. Katin rigakafin shawara da na sanƙarau su kasance a hannu.

Ni abin da nafi jiye muku ma rana ce wallahi, zafin Makka a Yuli yana haura digiri 40. Lokacin da na kai tawa mahaifiyar mun fito daga Harami bayan azahar takalminta ya ɓace, ta ce ba komai zata taka haka, kafin mu kai masauki kwalta ta ƙona mata tafin ƙafa, kwana uku tana kwance muna shafa magani, har yau abin yana damuna. Ka saya mata 'yar jakar rataya ta saka silifas da gorar Zamzam, abaya mara nauyi da farar lema, ɗawafi da sa'ayi kuma ku bari sai bayan isha'i ko kafin asuba.