Me ya sa reshen fulli yake mutuwa idan an dasa shi a ɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, a gidan bene. Nakan yanko reshen fulli (wani tsiro mai farin fure mai ƙanshi) da na'ana'a a wurin maƙwabciyata in dasa a tukunya cikin falo, ina ba su ruwa safe da yamma. Na'ana'ar takan kama, amma fullin kafin mako ya zagayo ya yi yaushi, gindinsa ya yi baƙi. Mukayyif kuma, wato na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana yana aiki. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Baƙin gindin nan da kika ambata shi ya nuna inda gizo ke saƙa. Reshen da aka yanko ba shi da saiwa, don haka ɗan ruwa kaɗan yake iya sha, ganyensa kuwa bai daina fitar da ruwa ba. Na'urar sanyaya ɗaki tana tsotse laimar iska, sai ganyen ya langaɓe. Ke kuma da kin gani sai tausayi ya kama ki, ki ƙara ruwa. Ƙasar ta jiƙe jagab, iska ta kasa shiga, ƙwayoyin cuta masu son danshi su kama bakin yankan. Ki zaro ɗaya ki murza da yatsa: ɓawon zai saɓule, ga santsi, ga ɗan wari. Wanda ya kai nan ba ya dawowa.

Ki yanki reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, wanda ya fara ƙwari amma bai zama ice ba, da reza mai tsabta, dab da ƙasan gaɓa, wato inda ganye yake fitowa, domin a nan saiwa ta fi saurin fitowa. Ki cire ganyen ƙasa, ki bar biyu ko uku a sama. Furen ma ki tsinke shi. Na san da wuya a zubar da furen fulli, amma ƙarfin reshen yake cinyewa.

Ƙasa mai nauyi ba ta yi. A mashtal, wato wurin sayar da dashe, za ki samu bitmos (ruɓaɓɓen tsiro mai laushi kamar soso) da farlayit (fararen tsakuwa marasa nauyi), ki haɗa su rabi da rabi a tukunya mai huda a gindi. Ki jiƙa sau ɗaya, ki soka reshen a ciki, ki yanke gindin gorar ruwa ta roba ki kifa a kansa, kullum ki buɗe na ɗan lokaci ya sha iska. Kada ki sake ba shi ruwa sai saman ƙasar ya bushe. Taki kuwa a bar shi tukuna, ƙona sabuwar saiwa yake yi.

Ki ajiye tukunyar kusa da taga mai haske, inda rana ba ta dukan gorar kai tsaye, nesa da bakin na'urar. Ɗumin digiri 22 zuwa 25 ya fi masa daɗi. Da rani ki kula da ruwan famfo, tankin saman bene yakan ɗauki zafi sosai, ki tara ya huce.

Na'ana'a a kofin ruwa ma takan yi saiwa cikin mako ɗaya ko biyu, shi ya sa take kama miki. Fulli yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, kada ki riƙa tumɓuke shi kina dubawa. In kin ga sabon toho, ki ɗan ja a hankali. Idan ya riƙe ƙasa, sai ki fara cire gorar sannu a hankali cikin 'yan kwanaki.