Yadda Yahudawa ke shigar da yara masu buƙata ta musamman cikin jama'a

Malama, kin yi tambaya game da shirye-shiryen da maƙwabciyarki Bayahudiya ta ambata miki a Amurka, kuma kina son sanin ko ɗanki mai galahanga zai amfana da su.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne Friendship Circle, wanda Rabbi Levi Shemtov, wani malamin addinin Yahudawa, da matarsa Bassie suka kafa a jihar Michigan a 1994. Tsarinsa shi ne a haɗa yaro da matashi ɗan sa-kai wanda zai riƙa ziyartarsa a gida kowane mako, su yi wasa, su yi hira, har su shaƙu. A ganina wannan ne ginshiƙin lamarin, domin likita da malami suna da lokacinsu, amma aboki ne abin da yaran nan suka fi rasawa, kuma uwa ma takan samu sa'a guda ta huta, abin da ba a cika tunawa da shi ba.

Akwai kuma Yachad, da aka fara a 1983, mai shigar da su taron ibada da tafiye-tafiye tare da sauran matasa. A birnin Kudus, cibiyar Shalva tana karɓar yara ba tare da duba addininsu ba tun 1990.

Game da ɗanki, ki tuntuɓi reshen Friendship Circle ko na Yachad da ke kusa da ke, ki tambaya ko suna karɓar wanda ba Bayahude ba, domin kowane reshe da nasa tsarin. Allah ya ba shi lafiya, ya sauƙaƙa miki.