Ka bar rubuta manhaja, amma wa ya ce ka bar rubutu?

Wani matashi ya aiko mini da tambaya daga nan Maradi. Ya ce: "Malam, shekara 6 ina rubuta manhaja, ina yi wa mutanen Yamai da na ƙasashen waje aiki ta intanet. Yanzu ciwon ido ya matsa mini, likita ya ce in rage zama gaban kwamfuta sosai. Na tara sefa miliyan 3. Na ba kawuna miliyan 2 ya saya mini aya ya ajiye, ya ce kafin damina kuɗin za su ninka. Ragowar ina so in fara kawo wayoyi daga Kano. Wace sana'a ta dace da irina?"

Ƙanena, Allah ya ba ka lafiya. Amma kafin mu kai ga sana'a, amsa mini: buhu nawa kawu ya saya? A nawa ya sayi kowane buhu? A wane sito suke, kuma makulli yana hannun wa? Na karanta saƙonka sau uku ban ga ko ɗaya ba, kuma na san dalili. Ba ka tambaya ba, don kana jin nauyinsa.

Nan ne kuskurenka, ba a wurin zaɓen sana'a ba. Kai da ka yi shekara 6 kana kwana kan ɗigo ɗaya da ya ɓace a cikin rubutu, ka ɗauki kashi biyu cikin uku na guminka ka miƙa ba ko takarda. Ban ce kawunka macuci ne ba, ban san shi ba. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni take a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ba a ce ban da dangi ba.

Na taɓa zama sulhu kan irin wannan. Wani yaro ya ba yayansa kuɗi ya sayi wake a kaka. Da farashi ya hau ya ce a sayar, sai yayan ya ce ƙwari sun ci buhu ashirin. Muka je sito, na zura hannu cikin buhu, gari ne ya biyo yatsuna, ƙwarin gaskiya ne. To amma buhu nawa aka zuba tun farko? Wannan ya ce ɗari, wancan ya ce tamanin. Ƙarshe mahaifiyarsu ta yi kuka ta ce a bar wa Allah. Kuɗi sun tafi, yau shekara huɗu ba sa cin abinci kwano ɗaya. Har yanzu ban yarda yayan ya ci ko dala ba, amma ba shi da abin da zai wanke kansa.

Zancen ninki kuwa, ka cire shi daga ranka. A ce an sayi buhu jaka 25, wato sefa dubu 25, miliyan 2 ɗinka buhu 80 ke nan. A ce kasuwa ta yi kyau an sayar jaka 32, bambancin jaka 560 ne. Cire hayar sito, kuɗin ƴan dako, mota, la'adar dillali, da abin da aya ke ragewa in ta bushe. In ka tsira da jaka 350 ka gode wa Allah. Wata shekarar ma farashin zaune yake.

Wayoyin Kano ma ka dakata. Wannan harka ce ta wanda ya san canjin naira da sefa safe da yamma, ya san kwastan, kuma yana da jarin da zai jure in hanya ta toshe. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris na 2024. Ka tambayi masu bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya yadda suka ji a jikinsu. Miliyan ɗaya ba ta ɗaukar duka irin wannan.

Abin da nake so ka gani shi ne, ido ne ya gaji, kai bai gaji ba. Mai rubuta manhaja ya iya tsara abu daki-daki, ya iya bin ɓaraka har ya gano inda ta faro. Shiga Babbar Kasuwa ka duba alhazai nawa ke juya miliyoyi, amma lissafin sito yana cikin kan yaro ɗaya, bashin da ake binsu yana bayan kwalin sukari. Ka sami uku ko huɗu ka riƙe musu lissafin shiga da fita, su biya ka duk wata. Yawancin aikin ƙirga ne da tafiya, awa ɗaya gaban kwamfuta ta isa. Akwai kuma haɗa wutar rana, wadda mutane suka ƙara rungumar ta tun da Najeriya ta yanke mana lantarki a 2023. Wanda ya iya lissafa nauyin batiri da farantin wutar rana ya fi mai ƙiyasi da ido. Koyarwa ma tana nan, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ba za su ƙi wanda ya yi aikin da hannunsa ba. Ni dai ta farkon na fi zaɓa maka, don ba ta cin jari, kuma cikin shekara ɗaya za ka san sirrin kasuwa da kuɗin wasu.

Amma sitonka za ka fara da shi. Gobe ka sayi littafi da goro, ka je ka gaida kawu. Ka ce masa sana'ar lissafi za ka shiga, kana so ya koya maka da kayanka. Ku ƙirga buhunan tare, a rubuta farashin saye, a rubuta rabonsa cikin riba, don shi ma wahala yake sha, mutum biyu su sa hannu. Miliyan ɗayan nan kuma ka bar ta inda take har wata shida. In kawu ya ce sai wani mako, ka koma wani makon. In ya sake ɗagawa, ka sake rubuto mini.