Ku Tambayi Bakanike: Daihatsu, Asalinta da Iyakar Ƙarfinta

Wasiƙun da suka taru a wannan wata yawancinsu sun karkata ne kan Daihatsu, musamman ƙaramar motar nan Hijet da ta cika titunanmu, don haka muka ware filin gaba ɗaya domin su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sana'ar rarraba fiya wata a Kano da Hijet da na saya watanni takwas da suka wuce. Wani abokina ya ce mini ainihinta Toyota ce aka sauya wa suna, wani kuma ya ce kamfanin ma ya daɗe da mutuwa. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka na farko ya kusa da gaskiya, na biyun kuwa ya yi nisa da ita. Kamfanin Daihatsu yana nan da ransa, hedikwatarsa tana garin Ikeda kusa da Osaka a ƙasar Japan, kuma a shekaru ya girmi kamfanin motocin Toyota nesa ba kusa ba. An kafa shi a shekarar 1907, lokacin da wasu malaman makarantar koyon fasaha ta Osaka suka haɗa kai da 'yan kasuwa domin ƙera injina a gida maimakon sayo su daga Turai. A lokacin ba mota suke yi ba, injinan masana'antu ne, sunan kamfanin kuwa Hatsudoki Seizo, ma'ana masu ƙera inji. Da yake masu irin wannan suna sun yi yawa, sai masu saye suka riƙa bambanta shi da cewa na Osaka, suka ɗauki harafin farko na sunan birnin, wanda a rubutunsu ake iya karanta shi "dai", suka haɗa da "hatsu" na farkon kalmar inji. Laƙabin ya bi kamfanin har ya mai da shi sunansa na hukuma a 1951.

Abin hawan da ya fara yi a farkon shekarun 1930 mai ƙafa uku ne na ɗaukar kaya, kuma a wannan fanni ya yi suna. A 1957 ya fito da Midget, wata 'yar ƙurƙura mai kujera ɗaya wadda ake tuƙa ta farko da hannu irin na babur. Duk wanda ya ga hotonta zai tuna da adaidaita sahu, ko da yake namu daga Indiya ake kawo su, ba jininta ba ne. Masu shaguna da masu kai kaya lungu-lungu su ne suka rungume ta, domin tana shiga inda babbar mota ba ta isa ta kai hancinta ba. Hijet ɗinka ƙanwarta ce mai ƙafa huɗu, an fara yin ta a 1960, kuma har yau ba a daina ba, abin da ya sa take cikin sunayen motoci mafiya daɗewa a kasuwar Japan.

Zancen Toyota kuwa ya faro ne a 1967, lokacin da kamfanonin biyu suka ƙulla yarjejeniyar aiki tare. A 1998 Toyota ta mallaki fiye da rabin hannun jarin Daihatsu, sannan a 2016 ta saye ragowar gaba ɗaya. Saboda haka Toyota ce uwar gijiya, amma motar da ke hannunka Daihatsu ne ya zana ta ya kuma ƙera ta. Hasali ma abin da abokinka ya faɗa a juye yake faruwa: Toyota ce take karɓar Hijet ta manna mata tambarinta ta sayar da ita a Japan da sunan Pixis, haka ma Subaru take sayar da ita da sunan Sambar tun 2012. Mai yiwuwa abin da ya ruɗi mai cewa kamfanin ya mutu shi ne janyewar da ya yi daga Amurka a 1992 da kuma Turai a farkon 2013, inda tsadar kuɗin Japan da tsauraran dokokin hayaƙi suka sa cinikin ya daina biyan kansa. Ya tattara ƙarfinsa ne a gida da Indonesiya da Malesiya, inda yake da hannu a kamfanin ƙera motoci na Perodua.

Tambaya: Malam, ina ɗaukar hatsi da Hijet a-kori-kura daga kasuwannin ƙauye zuwa Funtuwa. Ba ta shan mai, wannan kam na yaba mata, amma sau biyu ke nan tana yin zafi har gaskit ya ƙone, ga shi kuma tana ja gefe guda idan na taka birki. Ina ɗora mata buhu takwas zuwa goma na masara. Shin injin ne ba shi da kyau, ko in sayar da ita in huta?

Amsa: Malam, ka riga ka amsa tambayarka da kanka a jimlar da ka ambaci buhu goma. Bari in yi maka bayanin inda motar ta fito, domin a nan matsalar take. A Japan akwai rukunin ƙananan motoci da suke kira "kei", wanda gwamnati ta ƙirƙiro a 1949 bayan yaƙin duniya na biyu domin mai ƙaramin ƙarfi ya samu abin hawa. Wanda ya sayi irin wannan mota yana biyan haraji da inshora masu sauƙi, ana kuma gane ta da lamba mai launin ɗorawa, amma akwai sharuɗɗa: injin kada ya wuce sisi 660, tsawon motar kada ya wuce mita 3.4, faɗinta kada ya wuce mita 1.48, mutanen da za ta ɗauka kada su wuce huɗu, kaya kuwa iyakarsu kilo 350. Kowane ƙarfe da ke jikinta, daga sifirin zuwa birki zuwa lagireto, an auna shi ne daidai da wannan nauyi, kuma arahar motar daga wannan awo ta samo asali. Kilo 350 buhun siminti bakwai ne, ko buhun masara uku da rabi, ko kuma, ga mai tambayarmu na farko, jakar fiya wata 35. Kai kuwa kana ɗora mata kusan tan guda, wato nauyin da aka yi ta dominsa kusan sau uku, a cikin zafin bazara, a kan hanyar da ba kwalta.

Akwai wata Hijet da aka taɓa turo mini gareji da rana tsaka, tururi yana fita ta ƙarƙashin kujerar direba, domin a nan injinta yake. Da na leƙa ƙasa sai na tarar sifirin na baya ya miƙe ɗoɗar kamar sanda, an ma ƙara masa ganye biyu na wata mota daban an ɗaure da waya. Da muka zare lagireto muka kwance ta, abin da ya zubo ja ne kamar kunun kanwa, tsatsa ce da laka ta ruwan rijiya. Mai motar yana tsaye yana rantsuwa cewa injin 'yan Japan ne ba shi da ƙarko, alhali ɗan injin mai silinda uku ya shekara biyu yana jan kayan da ya kamata a ce babbar a-kori-kura ce take ja. Ni dai a ranar tausayin injin na ji fiye da na mai shi.

Abin da zan ba ka shawara a kai shi ne, kafin a sake ɗaura gaskit na uku, a kai kan injin wurin masu awo a duba ko ya lanƙwashe, domin idan ya lanƙwashe, sabon gaskit ba zai yi wata uku ba. A wanke lagireto ko a sauya ta, a daina zuba mata ruwan rijiya, a sayi ruwan sanyaya inji na gaske, a kuma tabbatar an fitar da iskar da takan maƙale a cikin bututai bayan an zuba. Idan wani bakanike ya cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa ya haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda aka saba yi a garejojinmu, a mayar da abin yadda yake. Wannan dabara ɓoye ciwo take yi, ba ta warkar da shi. Idan tsohuwar ƙira ce mai injin EF, da bel take aiki wajen daidaita bugun inji, kuma ya kamata a sauya shi tun kafin ya tsinke, saɓanin injin KF na baya-bayan nan mai amfani da sarƙa.

Jan gefe da ka ambata ya fi damuna a kan zafin inji, domin wannan maganar rai ce. A Japan hannun hagu ake bi a titi, sitiyari yana dama, mu kuwa a Najeriya mun koma bin hannun dama tun watan Afrilun 1972, haka ma Nijar dama take bi. Saboda haka kusan kowace Hijet da aka yi domin kasuwar Japan sai an juya mata sitiyari kafin ta hau titinmu, wasu ma a yanke ake shigo da su cikin kwantena a sake haɗa su da walda. Ingancin wannan aiki ya danganta da hannun da ya yi shi. Ka sa a ɗaga motar a duba inda aka yi wa sandar sitiyari walda, da bututan man birki da aka ƙara wa tsawo, da kuma inda aka haɗa gangar jikin. Idan aka samu tsaga a can, ka ajiye ta har sai an gyara. Idan kuwa lodin buhu goma shi ne abin da sana'arka take buƙata kullum, gaskiya ita ce ka sayar da ita ka nemi wadda ta fi ta girma, domin kuɗin man da kake murnar ragewa a gareji kake mayar da shi.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Maraɗi. Maigidana ya saya mini Daihatsu Sirion ƙirar 2006 da aka kawo daga Turai ta Kwatano. Shekara huɗu ina hawanta ban taɓa kwana a hanya ba, amma duk lokacin da na nemi kayan gyara sai a ce babu. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, ki daina ambaton sunan Daihatsu shi kaɗai a shagon kayan gyara. Sirion irin taki tagwaye ce da Toyota Passo, kuma idan mai silinda uku ce, injinta shi ne 1KR mai lita ɗaya, wanda Daihatsu ya tsara kuma Toyota ta sa a wasu Yaris da Vitz da Aygo. Ki sa bakanikenki ya karanta lambar da ke jikin injin, ya tafi kasuwa da tsohon abin a hannunsa a gwada. Fulogi da matatar baƙin mai da yawancin kayan inji za a same su ta wannan hanya. Inda za ki sha wahala shi ne fitilu da gilasai da ƙofofi, domin su ba sa shiga na Yaris, sai dai a jira 'yan gwangwan ko masu kawo na hannu. Abin da kika faɗa na rashin kwana a hanya shi ne abin da nake ji daga mafi yawan masu ƙananan Daihatsu da suke hawan su zuwa aiki da dawowa. Tsofaffin direbobi ma har yau suna ambaton Charade, wadda ta fito a 1977 da injin silinda uku, kuma a gasar tseren motoci ta Safari ta Kenya ta 1993 Charade uku suka zo na biyar da na shida da na bakwai, bayan manyan Toyota Celica huɗu da suka fi su ƙarfi nesa.

Tambaya: Na ji a rediyo an ce an kama kamfanin da maguɗi wajen gwajin lafiyar motoci. Shin tamu tana ciki?

Amsa: Labarin gaskiya ne, Malam, kuma ba ƙaramin abin kunya ba ne. A watan Afrilun 2023 kamfanin ya amsa cewa ma'aikatansa sun yi wa cikin ƙofar wasu motoci dabara kafin gwajin karo na gefe, domin su tsallake jarrabawa da abin da ba shi ake sayar wa jama'a ba. Kwamitin bincike mai zaman kansa ya fitar da rahoto a ranar 20 ga Disamban wannan shekara, inda ya gano kurakurai da ha'inci har 174 da suka shafi nau'o'in motoci 64, ciki har da waɗanda ake sayarwa da sunan Toyota da Mazda da Subaru, mafi daɗewa kuwa ya koma har 1989. Kwamitin ya ɗora laifin a kan matsin lambar da shugabanni suke yi wa injiniyoyi na su kammala sabuwar mota cikin ƙanƙanin lokaci, ta yadda faɗuwa gwaji ko sau ɗaya ta zama abin da ba a yarda da shi ba. An dakatar da aiki a masana'antun kamfanin na Japan har zuwa Fabrairun 2024, lokacin da aka fara komawa aiki sannu a hankali, hukuma ta soke takardar amincewar wasu motocin ɗaukar kaya uku, sannan Toyota ta turo mutuminta, Masahiro Inoue, ya karɓi shugabancin kamfanin.

Tunda ba ka faɗi nau'in motarka da shekararta ba, ka aiko mana da lambar gangar jikinta, wadda take buge a wani ɗan faranti a jikin motar. Amma idan Hijet ce da aka yanka aka sake haɗawa a nan, to gwajin da aka yi mata a Japan, na gaskiya ne ko na maguɗi, bai shafi abin da kake tuƙawa yanzu ba, domin ƙarfinta a ranar haɗari ya rataya ne a kan waldar da aka yi mata bayan ta sauka daga kwantena, kuma can ya kamata ka kai idonka tukuna.