Tambaya da Amsa: Mamana ta ce ta leƙa lahira ta dawo

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Bara ana cikin yi wa Mamana tiyata zuciyarta ta tsaya, likitoci suka yi ta danna mata ƙirji har Allah ya sa ta farfaɗo, to tun daga nan take ba mu labari wai ta hango gangar jikinta daga sama, ta ga wani haske, ta ga kakarmu da ta rasu tana ce mata ki koma da sauranki. Yayyena sun ce allurar barci ce kawai, ni kuma wallahi abin ya tsaya min a rai. Mutuwa ta yi ta dawo? Daga 'yarki a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ba mutuwa ta yi ba, da sauran shan ruwanta a gaba. Ki duba Suratul Mu'uminun aya ta 99 da 100, wanda ajali ya riska yana roƙon a mayar da shi ana ce masa a'a, akwai barzahu a tsakani har ranar tashi. Bakin ƙofa ta je, ba ta shiga ba.

Amma dan Allah kada a ƙaryata ta, don ba ita kaɗai ba ce. A 2001 wani likitan zuciya ɗan ƙasar Holan, Pim van Lommel, ya fitar da binciken mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka ceto su, 62 daga ciki suka ba da irin wannan labari, kuma bai ga alaƙa tsakanin abin da magungunan da aka ba su ba, kin ga maganar yayyenki ma ba ta zauna ba. Wani kuma, Sam Parnia, dabara ya yi, aka ɗora hotuna a kan kantoci can kusa da silin a asibitocin Ingila da Amurka da Ostiriya yadda sai daga sama za a gan su, da sakamako ya fito a 2014 ba a samu wanda ya faɗi hoton ba, sai dai mutum biyun da suka ce sun hango kansu daga sama, a ɗakunan da ba a ɗora hoton ba ne abin ya same su. A Jami'ar Michigan kuwa an ga ƙwaƙwalwar ɓera tana wani irin tashi cikin daƙiƙa 30 bayan tsayawar zuciya, shi ya sa wasu ke cewa hasken daga nan yake.

Ni dai abin da na riƙe shi ne duk waɗannan masu rai aka tambaya, labarin gargara suke bayarwa, na kabari kuwa na'ura ba ta kai can, ruhi al'amarin Ubangiji ne kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i aya ta 85.

Ki zauna da Mama ki saurare ta, kada a yi mata dariya kuma kada a mai da ita waliyyiya. In kin ga ba ta barci ko tana yawan firgita, ku faɗa wa likitanta ranar da za ku koma asibiti.